Ku tambaya mu amsa: awa nawa ne daga Yamai zuwa Jidda?

Tambaya: Salamu alaikum malam, ni ɗan unguwar Zariya ne nan Maradi. Tsohuwata za ta Umra, an turo muna biye ɗinta na jirgi ta WhatsApp sai na ga zuwa awa 7 da rabi, dawowa kuma awa 3 da rabi kawai. Wai hanya biyu ce ko kuskure anka yi? Hankalina bai kwanta ba wallahi, ba ta taɓa hawa jirgi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kai Hajiya lafiya ya karɓi ibada. Kwantar da hankalinka babu kuskure, agogo ne ya rikita ka. Saudiyya na gaban Nijar da awa 2, kuma a biye kowane lokaci da agogon garin da ake ciki ake rubuta shi. In jirgi ya tashi filin Diori Hamani ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 da rabi a sama, nan gida 3 da rabi ta yi amma can Jidda 5 da rabi na asuba ce, to ka ga inda awa 7 da rabi ɗinka ta fito. A dawowa kuma awa biyun nan cire su ake yi. Zaman kujera kusan ɗaya ne.

Nisan kuwa, tsakanin Yamai da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda wajen kilomita 4,000 ne in an miƙe, jirgin fasinja kuma yana cin kamar 850 a awa. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa kewayewa suke, don haka in an ƙara musu lokaci kar ka ɗaga hankali. Mai bi ta Addis Ababa ko Istanbul kam wannan sai dai haƙuri, jiran canjin jirgi kaɗai na iya cinye wuni.

Ni abin da ya fi damuna ma ba jirgin ba ne, motar Maradi zuwa Yamai ce, sama da kilomita 600 ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, tsohuwa ta wuni a mota ƙafafu sun kumbura sannan a ce a daren ta hau jirgi? Don Allah kar ku yi mata haka. Ku kai ta da kwana ɗaya ko biyu ta huta. Wasu na cewa ai Kano ta fi kusa, gaskiya ne, daga can zuwa Jidda wajen 3,400 ne, amma sai an tsallaka iyaka ta Ɗan Issa da Jibiya, ku tambayi masu shirya mata tafiya tukun.

Maganinta na kullum da rigar sanyi su zauna a jakar hannu ba cikin babban akwati ba, jirgi akwai sanyi. Kuma in Jidda za su sauka kai tsaye su wuce Makka, ta yi wankanta tun ƙasa don a sama za su ratsa miƙati, ka roƙi wata cikin ayarin ta zauna kusa da ita ta tuna mata niyya.