Amsa ga mai tambaya kan hotunan lokacin kaka da suka fito a dushe

Assalamu alaikum 'yan uwa. To ƙanena na ga abin da ka turo, wai ka fita ɗaukar hotunan kaka, bishiyoyi sun yi ja sun yi rawaya gwanin sha'awa a ido amma a hoto duk sun fito a dushe kamar an wanke su, tsuntsayen da ka ɗauka kuma sun fito dishi-dishi, shi ne kake tambaya wace kyamara za ka saya. Kar ka sayi komai, ka ji ko. Ni na san abin da ke ranka, so kake a ce maka laifin kyamarar ne, to ba laifinta ba ne. Na buɗe hotunan nan uku na duba, inuwar bishiyoyin gajeriya ce, wato da tsakar rana ka fita, kuma ranar tana bayanka tana dukan ganyen ta gaba. Haka kowa zai samu ko da kyamarar wa ya riƙe.

Ka fita da sassafe, awa ɗayan farko bayan fitowar rana, ko awa ɗayan ƙarshe kafin ta faɗi, sannan ka zagaya ka sa ranar ta koma bayan ganyen, ba bayanka ba. Ka gwada da ganye guda ɗaya tak, ka ɗaga shi tsakaninka da rana, za ka ga ya kama kamar fitila har jijiyoyinsa ka ƙirga su. Dalili kuwa koren nan da ke cikin ganye, kulorofil, idan yini ya fara gajarta bishiya tana daina yinsa, sai rawayan da dama can yana ciki a ɓoye ya bayyana, shi kuma jan sabo ne ganyen ke yi a lokacin, ya fi fitowa idan an samu rana mai haske da dare mai sanyi. Shi ya sa bana ba ta zama irin bara ba, kuma abin ba ya jira, iska mai ƙarfi ta dare ɗaya sai ka wayi gari duk sun zube.

Sai wayit balans, wato saitin da ke daidaita ɗumi ko sanyin kalar hoto. Na tabbata a kan oto ka bar shi, wato kyamara ke zaɓa da kanta. Kyamara idan ta ga ja da rawaya sun cika ko'ina ɗauka take yi kuskure ne, sai ta zuba shuɗi ta kashe ɗumin kalar, abin da ka fita nema shi take gogewa. Ka sa shi a kan hasken rana, wajen 5500 a ma'aunin Kelvin, in kana son ɗumi ka kai shi na gajimare wajen 6000 zuwa 6500. A'a tsaya, bari in gyara, in da RAW kake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, wannan ba zai dame ka ba don za ka iya canja shi daga baya a kwamfuta ba tare da asara ba, amma naka JPEG ne na gani, wanda kyamara ta riga ta sarrafa, don haka maganata tana nan.

In ma dole sai ka kashe kuɗi to filtar folaraiza za ka nema, wadda ake murɗawa a bakin lens, wato gilashin gaban kyamara. Ganye yana da ƙyalli a samansa, musamman bayan ruwan sama, wannan farin ƙyallin shi ke rufe kalar. Kana murɗa filtar a hankali kana kallo za ka ga ƙyallin ya ɓace jan ya fito, ta fi aiki idan ranar tana gefen kafaɗarka, kusurwa 90 ke nan. Tana cin haske dai, kusan sitof biyu (kowane sitof ɗaya rabin haske ke tafiya), sai ka kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, ka sa buɗewar lens a f/8 ko f/11, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100. Kuma babu wani editin da zai cire maka wannan ƙyallin, babu, abin da bai shiga kyamara ba ba za ka same shi a kwamfuta ba.

Maganar editin ɗin nan ma ita ke ƙona min rai har yau. Akwai wani hoto da na ɗauka shekarun baya a bakin wani tafki, kwana huɗu ina zuwa kafin gari ya waye, don hazo ba ya kwanciya a kan ruwa sai an yi dare mai sanyi, sama tas babu gajimare, babu iska. Ran na huɗu ya kwanta, takalmina ya jiƙe sharkaf da raɓa, yatsuna sun sandare da ƙyar nake murɗa lens, sai ga zalɓe guda ɗaya tsaye a cikin hazon, bayansa bishiyoyi rawaya mai laushi kamar za ta narke. Na ba wani bawan Allah hoton don ya nemi ya saka a shafinsa, kawai sai na ga ya ja kalar har ƙarshe, rawayan ya koma ruwan lemo mai ƙuna, hazon ya zama shuɗi, ganyen duk sun haɗe babu ɗaya da za ka ware. Na yi masa magana wai ai haka mutane suka fi so. Waɗanne mutane? Kwana huɗu fa! Shi ja in ka matsa masa shi ke fara ƙonewa, ka duba histogiram, wato jadawalin da ke nuna hasken hoto, na jan kaɗai za ka ga ya manne da bango, daga nan komai ya tafi. Har yau ban sake ba shi hoto ba, kuma ba gaba nake da shi ba, muna gaisawa.

Ina nake ma... eh, tsuntsayenka da suka fito dishi-dishi. Wannan gudun shota ne, wato saurin ƙiftawar kyamara, tsuntsu a sama yana son 1/1000 zuwa 1/2000 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO kar ka ji tsoronsa, kuma ka cire folaraizar a nan don haske kake buƙata. Manyan dabbobin dawa kuma kar ka matsa musu, da yawansu lokacin barbararsu ke nan, mazan suna da faɗa, ka tsaya nesa da dogon lens. Hotunan mutane da na kan titi, mai share ganye da su yara masu wasa, wannan doguwar magana ce, sai wani jiƙon, ka dai nemi izini kafin ka ɗauka.

Af, in ka dawo daga sanyi kar ka fito da kyamarar nan take a ɗaki mai ɗumi, lens zai yi gumi, ka bar ta cikin jaka a rufe kamar awa ɗaya. Ka koma wajen bishiyar nan ta hoto na biyu gobe da sassafe, ka tsaya ta ɗaya gefen, ka turo min in gani.