Furen haidiranjiya a Zariya: abin dubawa kafin a zuba jari

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah mai sayar da dashen mangwaro da gwaiba da furanni a bakin titi a Zariya. Ta ce ta je biki a Abuja ta ga an ƙawata zauren da wani fure mai manyan dunƙule kamar curin auduga, wani shuɗi wani ruwan hoda, aka gaya mata sunansa haidiranjiya, kuma mai adon ya ce daga ƙasar waje ake kawo shi da tsada. Tana da fili a bayan gida, ta kuma kwashi adashen naira 400,000, tana so ta san ko ta zuba kuɗin a noman wannan fure.

Malama, na gode da tambayarki, kuma amsata a taƙaice ita ce kada ki zuba kuɗin gaba ɗaya, aƙalla ba a bana ba, ba kuma a bayan gidanki na Zariya ba. Hangen da kika yi daidai ne, domin duk kayan da ake shigowa da shi da kuɗin waje akwai ƙofar riba ga wanda zai iya samar da shi a gida. Matsalar tana ga halin shukar kanta.

Irin da kika gani asalinsa daga Japan ne, inda yake tsirowa a wurare masu danshi da sanyi. Ganyensa faffaɗa ne mai taushi, saboda haka yana zubar da ruwan jikinsa da sauri, kuma rana ɗaya ta bazara ta isa ta sa ya yi laushi ya sunkuya ko da an ba shi ruwa da safe. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai neman riba shi ne yawancin ire-irensa ba sa ƙulla toho na fure sai sun sami makonni na sanyi, inda zafi yake ƙasa da digiri 18 ko kusa da haka, kuma furen yana fitowa ne a kan reshen bara. A Zariya zafin watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 35, sanyin hunturu kuma yana zuwa ne tare da busasshiyar iska mai ƙona gefen ganye. Mai yiwuwa ki raya shukar a ƙarƙashin rumfa ta yi kore shar, ki yi ta ɗawainiyar ruwa shekara guda, amma ta ƙi yin fure, kuma babu mai adon biki da zai biya ki kuɗin ganye.

Wani zai ce ai ƙasar Kolombiya tana kusa da tsakiyar duniya kamar mu, kuma tana cikin manyan masu fitar da wannan fure zuwa Amurka. Gaskiya ne, sai dai gonakinsu suna kan tsaunukan yankin Antiyokiya, kusa da birnin Medelin, a tudun da ya haura mita 2,000, inda ake kwana da bargo duk shekara. Haka ma Kenya, gonakin furenta suna kan tudu ne. A ƙasarmu wuraren da suka yi kama da haka su ne Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da tsaunin Mambila a jihar Taraba, wanda ya fi Jos tsayi da sanyi amma yake da nisa da kasuwa. Wannan ne dalilin da ya sa masu furanni na Abuja suka daɗe suna sari daga Filato.

To a nan ne nake so ki sake duba matsayinki a wannan kasuwanci. Ke kin riga kin san saye da sayarwa, kina da abokan ciniki, kuma daga Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo idan an yi sammako. Abin da ya fi dacewa da jarinki shi ne ki nemi mai gonar fure a Jos wanda yake da shukar, ki riƙa saro ta a tukunya tana gab da buɗewa, ki kai wa wanda ya riga ya ba ki kafin alƙalami. Kada ki sayo don ki ajiye a bakin titi ki jira mai saye, domin wannan kaya ba ya jure kwantai. Dashen mangwaro idan bai fita a wannan damina ba zai ƙara girma ya ƙara daraja, amma haidiranjiya da furenta ya ƙone a rana ta koma rabin kuɗinta ko ƙasa da haka.

Kafin ma ki je Jos, ki zauna da masu adon biki uku ko huɗu a Kaduna da Abuja, ki tambaye su sau nawa suka sayi ɗanyen furen a shekarar da ta wuce, da kuma nawa suka biya. Ina ba ki wannan shawara ne saboda babban abokin gasarki shi ne furen roba da na yadi, wanda ake saye sau ɗaya a yi biki goma da shi, kuma a hoto da wuya a bambanta su. Ba mamaki ma wanda ya burge ki a zauren nan rabinsa na roba ne. Masu neman ɗanye ba su da yawa, galibi manyan otal ne da gidajen da ke son tukunya a baranda da kuma bukukuwan masu hali, kuma su mutane ne da ke so a kawo musu a ranar da suka ce, da launin da suka ce.

Batun launi yana da amfani ki fahimce shi, domin a nan ake yawan samun saɓani da mai saye. Shuka ɗaya tana iya yin shuɗi ko ruwan hoda gwargwadon ƙasar da take ciki. Idan ƙasar tana da tsami, wato ma'aunin pH ya kai 5.5 ko ƙasa da haka, saiwa tana iya jan sinadarin alminiyam, sai furen ya yi shuɗi. Idan tsamin ya ragu sai ya koma ruwan hoda. Shi ya sa manoma ke jiƙa ɗan alif, irin wanda ake tace ruwa da shi, su zuba a gindin shukar don samun shuɗi, toka kuwa tana mayar da shi hoda. Canjin yana ɗaukar watanni, alif ɗin idan ya yi yawa yana ƙona saiwa, kuma farin iri ba ya sauya launi ko me aka zuba masa. Saboda haka kada ki yi wa kowa alƙawarin shuɗi sai kin ga furen da idonki, kuma ki gaya wa mai saye cewa ruwan rijiyar burtsatse mai gartsi yana iya sauya launin a shekara mai zuwa. Idan yankakken fure za ki kai, ki tsoma bakin yankan a garin alif kafin ki sa shi a ruwa, dabara ce da masu sayar da fure ke yi don kada ya yi saurin laushi.

Ban ce ki haƙura da nomansa kwata-kwata ba. Ki ware abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba, ki sayo tukwane kamar goma, ki ajiye su a gefen gabas na gida inda za su sami ranar safe kaɗai, a ƙasa mai takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a rufe samanta da buntun shinkafa don riƙe danshi. A damina ki yanki reshe mai ɗanyen jiki, ki cire ganyen ƙasa, ki dasa a leda cikin inuwa. Yakan yi saiwa cikin wata guda ko makamancin haka, amma daga nan zuwa shukar da za a saya da daraja ki ƙiyasta shekara guda ko fiye, kuma duk tsawon lokacin jarinki a kwance yake. Idan za ki iya samun irin da ke fure a sabon reshe, kamar Endless Summer da wani kamfanin Amurka ya fitar a 2004, ya fi dacewa da gwaji a wuri mai zafi. Ki kuma killace wurin, domin ganyen yana da guba ga awaki da ƙananan yara.

Ki buɗe littafi na musamman ga waɗannan tukwane goma, ki rubuta kuɗin ruwa da na taki da na mota, da nawa suka mutu a bazara, da nawa suka yi fure. Ragowar kuɗin adashen ki bar kaso mafi tsoka a dashen da kika san yana fita, ki riƙe wani abu a hannu don sarin farko daga Jos idan odar ta samu. Idan watan Mayu na baɗi ya zo, kika tarar bakwai cikin goman suna raye kuma sun yi fure, ki sake rubuto mini da lissafin, sai mu duba ko rumfar raga da tankin ruwa za su mayar da kuɗinsu.