Yaya ake gane tasirin mai binciken ƙwaƙwalwa?

Malam, ka tambaya ko yawan maƙalun da masani ya wallafa ne ke nuna tasirinsa. A ganina yawan bai isa ba. Ka duba ko wasu sun ɗora aikinsu a kan nasa, sannan ka duba da wa ya yi aiki.

Ɗauki May-Britt Moser ta ƙasar Norway. Tun 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa a ƙwaƙwalwar ɓera akwai ƙwayoyin jijiya da ke fara aiki idan ya isa wani takamaiman wuri. May-Britt da mijinta na lokacin, Edvard Moser, sun je wurinsa sun koyi yadda ake naɗar motsin waɗannan ƙwayoyi, suka koma birnin Trondheim na Norway suka kafa ɗakin bincikensu. A 2005, tare da ɗalibansu, suka gano wasu ƙwayoyi da ke auna fili tamkar taswira. O'Keefe da May-Britt da Edvard su ukun suka samu kyautar Nobel a 2014.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, sashen ƙwaƙwalwar da May-Britt da Edvard suka yi nazari a kansa yana cikin waɗanda cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara lalatawa, shi ya sa masu binciken cutar suke bibiyar aikinsu sosai.