Me Ya Sa Kogunan Yankin Duwatsu Ke Ambaliya Tare?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa a yankin duwatsu koguna da yawa kan yi ambaliya rana ɗaya. To, ba kowanne da kwarinsa ba, tsauni ya raba su? Me ya haɗa su?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, abin da ya haɗa su daga sama yake. Iska mai ɗauke da danshi idan ta ci karo da tsauni, ba ta da hanya sai hawa. Tana hawa tana yin sanyi, kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, har ta juye ruwanta a gefen da ta buga. Duk kwarin da ke wannan gefen zai sha ruwa lokaci guda.

Ni dai misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsaunukan Alps na Turai. A watan Agustan 2005, iska daga Bahar Rum ta zagayo ta bugi gefen arewa. Kogin Aare da Reuss a Suwizalan, da Lech a Ostiriya, da Isar a Jamus, duk suka tumbatsa cikin 'yan kwanaki. Ruwa ya mamaye unguwar Matte a Bern, babban birnin Suwizalan, asarar Suwizalan kaɗai ta kai kusan faran biliyan 3 na kuɗin ƙasar. A Oktoban 2000 kuwa iskar ta kudu ta bugo, sai abin ya faɗa wa kogin Rhone a yankin Valais na kudancin Suwizalan da Po a Italiya. Kin ga ke nan, gefen da kogi yake ya fi kusancinsa da wani kogin muhimmanci.

Sai batun ƙasa. Ɗauki tsumman da ya jiƙe sharkaf, ki ƙara masa ruwa, nan take zai tsiyaye. Haka gangaren dutse yake bayan makonnin ruwa. In kuma akwai ɗumi, ruwan da ya kamata ya sauka a matsayin ƙanƙara ya kwanta a ƙololuwa sai ya zo tsagwaronsa, ya narkar da wadda ya tarar, su gangaro tare.

Abin da ke damuna shi ne mutanen da ke can ƙasa, inda kogunan ke haɗuwa, domin cikar kowanne a kansu take sauka. Ga shi maƙwabcin da zai kawo ɗauki shi ma gadarsa ta karye. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a yi wa kowane kogi shiri shi kaɗai. Tashar awon da ke can sama ya kamata ta sanar da garuruwan ƙasa tun ruwa bai iso ba.