Dokina yana tsallake katanga

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon rubuta manhaja da Python, sai aka ba mu aikin rubuta wadda za ta lissafo duk gidajen da dokin wasan ches zai iya sauka. A tsakiyar allo tana aiki lafiya lau. Amma in na ajiye dokin a kusurwar a1 sai ta ce yana da hanya takwas, in kuma na kai shi ɗaya kusurwar, h8, sai ta tsaya cak da saƙon kuskure. Yau kwana uku ke nan ina fama. Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, har na yi rantsuwa cewa kwamfutata ce ta lalace.

Ban ga abin da kika rubuta ba, amma na san inda gizo ke saƙar. Allon gida 64 ne, takwas sau takwas, kuma kin jera layukansa na tsaye (a zuwa h) da na kwance (1 zuwa 8) daga 0 zuwa 7, kowane gida da lambobi biyu ke nan. Doki yana tafiya gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe, don haka hanyoyinsa takwas ne in yana da sarari. A a1, wato 0 da 0, biyu kaɗai ke kan allo: b3 da c2. Sauran shidan duk suna kai ki ga -1 ko -2. To Python ba ya ɗaukar -1 a matsayin kuskure. A wurinsa -1 na nufin abu na ƙarshe a jeri, -2 kuma na kusa da na ƙarshe. Shi ya sa dokinki ke fita ta wannan gefen ya ɓullo ta wancan, shiru kake ji. A h8 kuwa lissafin yana kaiwa 8 da 9, waɗanda babu su a jerin, sai ya yi ƙara. Ciwo ɗaya ne, kuma mai shirun ya fi ba ni tsoro.

Maganin layi ɗaya ne: kafin ki taɓa allon, ki tabbatar lambobin biyu suna tsakanin 0 da 7. Daga nan ki zaga da dokin gidaje 64 ɗin a allon da babu kowa, ki tara hanyoyinsa. In kin sami 336, kin gama.

Ga wata shawara da ba ki tambaya ba. Bayan doki ki kama masu dogon zango irin sarauniya, waɗanda dole su tsaya in sun ci karo da wani. Ƙaramin soja ki bar shi a ƙarshe. Ana raina shi, amma shi ya fi kowa rikici: gaba yake tafiya, a karkace yake ci, yana iya taka biyu a tashin farko, in ya kai ƙarshen allo kuma ya rikiɗe. Idan kin haɗa su duka, ki ƙirga daga farkon wasa: tashin farko hanya 20 ne, bayan abokin karawa ya mayar 400, na uku 8,902.

Sarauniyoyi takwas na wasan ƙwaƙwalwar da Bajamushe Max Bezzel ya gabatar a 1848, inda ake jera su a kan allo ba mai cin wata, ki ajiye su sai kin huta. Amsoshinsu 92 ne. In kin kai nan ki sake rubuto min.