Kuɗin kyamara ya zo hannu: me ɗalibin zane zai fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Wannan zangon an ba mu aikin haɗa gajeren bidiyo a kan launi, na zaɓi launukan cikin birnin Zariya: bangwayen gidaje, ƙofar fada, adon mahaya. Yayana ya ba ni kuɗin kayan aiki. Wani a Sabon Gari ya nuna mini kyamara ta hannu, amma in na saye ta kuɗin ya ƙare. Ƙawayena sun ce wayata ta isa. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙawayenki suna da gaskiya, sai dai ba su ƙarasa miki maganar ba. Waya ta isa, amma sai an saya mata 'yan rakiya.

Abin da ke kayar da bidiyon ɗalibai sananne ne: hoto yana rawa, iska tana huci a cikin sauti, ga rana ta tsaka ta wanke launi. Kyamara mai tsada ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. Don haka ki fara da ƙafar ɗora waya mai ƙafa uku, mai ɗan nauyi, wadda iskar hunturu ba za ta kayar ba. Sai ƙaramin makirufo na maƙalawa a kwala, tare da soson da ke tare masa iska. Mutane suna haƙuri da hoton da bai fita tas ba, amma da sun kasa jin abin da ake faɗa sai su wuce. Ki ƙara da fawa banki da wurin ajiyar bidiyo na waje. Allon mayar da haske kuwa kada ki kashe masa ko sisi, farin kwali babba ya wadatar.

Mai kyamarar bai gaya miki abin da ke biye da ita ba. Akwai batir na biyu, akwai memori mai sauri, irin mai alamar V30 da ke iya rubuta megabait 30 a daƙiƙa, akwai jaka, galibi ma har da wani gilashin gaban kyamara, wato lens. Ga ƙurar Disamba da Janairu, wadda ke shigewa ciki duk lokacin da aka cire gilashi, ta bar ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto.

Yanzu ga aikin kansa, wanda ya fi sayayyar daɗin magana.

Ki shiga birni ba don ɗauka ba tukuna, don kallo. Zanen bangon Hausa yana da tudu da kwari, kuma hasken da ya zo masa ta gefe ne ke fito da su. Bangon da ya yi kyau da sassafe yana iya zama fili kawai da azahar. Ki rubuta lokacin da kowane bango ke samun irin wannan haske, sannan ki dawo da waya. Sassafe da bayan la'asar su ne naki. A lokacin hazo sama tana yin fari fat, launuka su dushe, to sai ki rage sama a cikin hoton, ki matsa kusa da abin da kike ɗauka.

Jar ƙasar bango tana son shuɗi ko kore a kusa da ita, domin launukan da ke adawa da juna su ne ke fito da juna. Yarinya mai shuɗin hijabi ta gifta gaban jan bango, kin sami hoto. Matsalar tana wurin hawan Sallah, inda ja da rawaya da kore da ƙyallin kayan doki suke ihu lokaci guda. Ɗalibi yakan so ya kwashe duka, ƙarshe mai kallo ya rasa inda zai ajiye ido. Ki zaɓi launi ɗaya a kowane yanki na bidiyon ki bi shi, sauran su zama masu yi masa rakiya. Wannan ba baƙon darasi ba ne a makarantarku. Marigayi Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, da shuɗi aka san shi. Ki nemi hotunan zanensa ki ga yadda launi ɗaya ke ɗaukar nauyin aiki sukutum.

Batun tsarin hoto, ki kunna layukan da ke raba fuskar waya gida tara, ki riƙa ajiye idon mutum ko kan doki a mahaɗarsu. Amma kada ki mai da wannan farilla. Ƙofar fada da bakan gizon zaure an gina su ne dama da hagu daidai, tsakiya suke so. Bakin zaure ma kansa firam ne: ki tsaya daga cikin duhu ki ɗauki mai wucewa a haske. Kuma ki yanke tun farko, a kwance za ki ɗauka ko a tsaye. Aikin da za a haska a aji a kwance ake yin sa, wato 16:9.

Saiti biyu za su cece ki. Idan mutum yana sanye da farar babbar riga, waya takan auna haske da rigar, fuskarsa ta yi duhu. Ki danna kan fuskar ki riƙe har hasken ya kulle. Na biyu, wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a kan hoto 30 a daƙiƙa, shi ya sa bidiyon cikin ɗaki yakan riƙa ƙyafta ido a ƙarƙashin wasu ƙwayayen lantarki. Ki mayar da saitin wayar hoto 25 a daƙiƙa. In wayarki ba ta da wannan zaɓi, manhajar Blackmagic Camera kyauta ce, in wayar tana ɗaukarta.

Kada ki ɗauki kowa sai da izininsa, balle mata da cikin gidaje. A fada da masallaci ki nemi wanda ke da iko da wurin. Gaisuwa mai kyau tana buɗe zauren da kyamara ba ta buɗewa.

In duk da haka ranki yana kan kyamarar, ki tafi da wanda ya san ta. A duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, a haska gilashin da tocila a ga ko akwai farin zare-zare na fumfuna a ciki, a ɗauki bidiyo na mintoci a ga ko tana zafi ta mutu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a kwalejin Nuhu Bamalli. Na tsara fosta a kwamfuta, korenta yana walƙiya, da aka buga sai ya fito a mace. A waya kuma wani launi daban nake gani. In sake kwamfuta ne?

Amsa: Matsala biyu ka haɗa, ɗan'uwa, ɗaya ce kawai ta kwamfuta. Sikirin da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK, kuma akwai kore da shuɗi masu walƙiya da tawada ba ta iya kaiwa gare su, ko da wace kwamfuta ka yi aikin. Ka mayar da aikin CMYK tun kana tsarawa, ka sa a buga maka gwaji ƙarami a kan irin takardar da za a yi amfani da ita kafin a saki injin.

Bambanci da waya kuwa, wataƙila laifin sikirin ɗinka ne. In za ka saya, ka nemi mai IPS, wato sikirin da launinsa ba ya sauyawa sosai in an kalle shi ta gefe, wanda aka rubuta yana nuna sRGB, ma'aunin launukan sikirin, kusan ɗari bisa ɗari. Wanda aka rubuta wa 45% NTSC launukansa kaɗan ne, ka bar wa masu buga takardu. Don tace bidiyo da manhajar DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta, ka nemi kwamfuta mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 16 da ma'ajiya mai sauri ta SSD. Kuma a girman hoton bidiyo ka tsaya a 1080 tukuna: 4K ya ninka shi huɗu a yawan ɗigon hoto, ƙaramar kwamfuta ba ta jan sa.

Tambaya: Ɗana ya sami gurbin karatun zane. A kanti na ga kwalin fenti mai kala 24 da mai 6. Ina Tudun Wada. Wanne ya fi?

Amsa: Allah ya sa albarka, Alhaji. A saya masa kaɗan masu kyau: ja, rawaya, shuɗi, ruwan ƙasa, baƙi, da fari babba, don shi ke saurin ƙarewa. Wanda aka ba kala 24 ba ya koyon haɗawa, haɗawar kuwa ita aka tura shi koyo. Ragowar kuɗin a sa a takarda mai kauri, mai giram 300 in fentin ruwa ne, da buroshi biyu ko uku da ba sa zubar da gashi. Sauran kaya ku dakata har malamansa su ba da jerin abin da suke so.