Tambaya da Amsa: Me ya sa ƙarfina ke ƙarewa a tsakiyar tseren kilomita 10?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shiga tseren kilomita 10 na kan titi, burina in kammala cikin minti 50. Nakan tashi da ƙarfi tare da na gaba, amma kafin in kai rabin hanya sai haki ya kama ni, ƙafafuna su yi nauyi. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, matsalarka tana cikin kilomita na farko. Minti 50 na nufin minti 5 a kowane kilomita, kuma idan ka bi na gaba ka cinye na farko cikin minti 4, ka ɗora wa tsokokinka aikin da iskar da kake shaƙa ba za ta wadatar ba. Daga nan jiki ke koma wa ƙona sukari ba tare da isasshen oksijin ba, sinadarai masu tsami su taru a tsoka, shi ne nauyin da kake ji.

Shawarata ita ce ka yi sassarfa ta minti 10 zuwa 15 kafin a tashi, sannan ka yi kilomita na farko cikin minti 5 da daƙiƙa 10, ko da jama'a suna wuce ka, domin da yawansu za ka tarar da su a gaba. Ka auna kanka da numfashi: a farko ya kamata ka iya furta gajeriyar jimla, a tsakiya kalma biyu ko uku kawai. Tsakanin kilomita na 6 da na 8 ne tseren ya fi ɗaci, a nan hankali ke raya wa mutum ya sassauta alhali jiki bai gaza ba, don haka ka riƙe takunka, ka ajiye ƙarin sauri sai kilomita na ƙarshe.

Inda akwai tudu, kamar hanyar tseren Okpekpe a jihar Edo, kada ka nace wa agogo. Ka gajarta taku a hawa, ka rama a gangara. Haka ma ranar zafi, ka rage burinka tun daga farko. Amma ciwon ƙirji ko jiri daban ne da gajiya, idan ka ji ɗayansu ka tsaya nan take ka nemi jami'an lafiya.